Shaidar abin da muka gani: aikin da sai logrotate ya gama zai tashi

Kwamfutar tana kan wani teburin ƙarfe a ɗakin baya na wani ofishi a Zango, cikin Damagaram. Tsohuwar tafi-da-gidanka ce da aka mayar saba (server), saboda batirinta na riƙe ta idan an ɗauke wuta. Debian 11, wani nau'in Linux, ce a kanta lokacin da aka damƙa mana kula da ita, nginx kuma shi ke fito wa ma'aikata da shafin da suke shigar da lissafin buhunan gero da wake. Duk wanda ya buɗe shafin sai an rubuta layi guda a /var/log/nginx/access.log, manhajar lissafin ita ma tana da nata log a /var/log/lissafi. Buƙatar masu ofishin ba ta da yawa. Kowane dare, idan an gama juya log (wato manhajar logrotate ta ajiye na ranar gefe, ta matse shi, a buɗe sabo), a kwafe na ranar zuwa wani diski na waje, a tura kwafi guda wata kwamfuta a Yamai. Wannan "idan an gama" ɗin shi ne duk labarin.

Abin da muka tarar layi ɗaya ne a crontab, jadawalin ayyukan da manhajar cron ke tayarwa a kan lokaci, yana kiran rsync, manhajar kwafe fayiloli, da ƙarfe 00:30. Wanda ya rubuta shi ya ɗauka logrotate na tashi da sha biyun dare daidai, rabin awa kuma ya ishe shi. Wata safiya mai kula da ofishin ya kira ya ce, "Malam, mutanen Yamai sun ce fayil ɗin jiya ya ƙi buɗewa." Muka gwada shi da gzip -t, ya ce fayil ɗin ya yanke bai kai ƙarshe ba. Rabinsa aka kwafe.

Dalilin yana cikin agogon. Tun daga Debian 10 ba cron ke tayar da logrotate ba. Fayil ɗin /etc/cron.daily/logrotate na nan, amma da ya ga /run/systemd/system sai ya fita bai yi komai ba, ya bar wa logrotate.timer aikin, wato agogon systemd, manhajar da ke tayar da ayyuka a kwamfutar. Ka buga systemctl cat logrotate.timer ka karanta. Za ka ga OnCalendar=daily, a ƙarƙashinsa kuma ko dai AccuracySec=1h ko RandomizedDelaySec=1h, gwargwadon sigar da kake da ita. Ko wanne ne, an ba shi tazarar awa guda. Yana iya tashi 00:03, yana iya tashi 00:29, yana iya kaiwa 00:50. Ga shi kuma an sa masa Nice=19 da mafi ƙarancin fifiko a kan diski, wato duk wani aiki yana gabansa. A tsohon diski mai juyi, matse babban fayil na iya ɗaukar mintuna. Logrotate kuma yana rubuta fayil ɗin .gz kai tsaye da sunansa na ƙarshe, don haka rsync ya gan shi a wurin ya ɗauka cikakke ne. A wasu dararen rsync ke riga logrotate, sai a sake tura na shekaranjiya. A wasu kuma su haɗu a tsakiya ana sauya sunaye, rsync ya fita da lamba 24, wato fayil ya ɓace masa yana cikin aiki.

Akwai kuma Persistent=true. Idan kwamfutar a mace take da sha biyun dare, logrotate zai yi aikin da ya wuce shi bayan an kunna ta da safe. Cron ba ya rama abin da ya wuce. A garin da wuta ke zuwa tana tafiya, wannan kaɗai ya isa a daina dogaro da ƙarfe nawa. A duba yankin lokaci ma da timedatectl. Idan an bar shi UTC, "daily" ƙarfe ɗayan dare ne a Damagaram, sai an sa Africa/Niamey.

Mataki na farko da kowa ke tunawa shi ne postrotate, sashen umarnin da logrotate ke gudanarwa bayan ya juya fayil, mu ma shi muka fara gwadawa. Muka sa kiran rsync tsakanin postrotate da endscript a /etc/logrotate.d/lissafi. Washegari babu fayil ɗin .gz a diskin waje, sai wanda ba a matse ba. Logrotate na sauya sunan fayil, ya gudanar da postrotate, sannan ya matse. An yi postrotate ne don a gaya wa manhaja ta saki tsohon fayil ta buɗe sabo, kamar yadda ake aika wa nginx siginar USR1. Ba a yi shi don aikin da ke jiran matsewa ba. Lastaction shi ke zuwa bayan an matse, amma na rukunin log ɗin da aka rubuta shi a ciki ne kawai, bai san ko an gama da na nginx ko na rsyslog ba, kuma ba ya tashi sai an juya aƙalla fayil guda a rukunin. Sannan duk abin da ka sa a ciki, logrotate na tsaye yana jiransa. Idan intanet ta yi nauyi rsync ya yi awa yana fama, sauran log ɗin duk suna layi.

Sai muka ware aikin ya zama sabis mai zaman kansa, /etc/systemd/system/kwafe-log.service, muka sa masa After=logrotate.service. Kwana biyu bai motsa ba. After= ba ya tayar da komai. Abin da yake cewa kawai, idan an sa su biyun a layi, wannan ya tsaya a bayan wancan. Babu wanda ya sa namu a layi.

Nan ne aka yi kuskuren da ya fi cin rai, kuma muna faɗarsa dalla-dalla saboda yana da sauƙin yi. Aka ƙara systemctl start kwafe-log.service a cikin postrotate, ba a cire After= ba. Systemctl start yana jira sai sabis ɗin ya gama kafin ya dawo. Sabis ɗin yana jiran logrotate ya gama. Logrotate yana jiran postrotate, postrotate yana jiran systemctl. Aka yi cirko-cirko. Logrotate.service nau'in oneshot ne, wato mai yin aikinsa sau ɗaya ya fita, irin wannan kuma ba shi da wa'adin tashi sai ka sa masa da kanka, don haka babu wanda ya zo ya raba. Agogon ma ba ya sake bugawa muddin sabis ɗinsa bai koma ya kwanta ba. Babu kuskure a ko'ina, babu jan rubutu, log ɗin kawai suka ci gaba da kumbura. Mun gano ne da df ya nuna diski na cika. Umarnin da ya tona asirin shi ne systemctl list-jobs. Layi biyu ya fito da su, logrotate.service yana running, kwafe-log.service yana waiting, kuma systemctl status ya nuna ranar da ya fara kwanaki ne da suka wuce. Systemctl stop logrotate.service ya kwance su. Wanda ya zama dole ya kira sabis daga cikin postrotate ko lastaction, ya rubuta systemctl start --no-block. Da haka umarnin zai sa aikin a layi ya dawo nan take, After= kuma ya riƙe shi har logrotate ya ƙare.

Mu dai mun cire shi daga can gaba ɗaya, muka bar systemd ya ɗaura su da kansa. Ga fayil ɗin yadda muka rubuta shi:

```
[Unit]
Description=Kwafe log bayan juyi
After=logrotate.service network-online.target
Wants=network-online.target
RequiresMountsFor=/mnt/ajiya

[Service]
Type=oneshot
ExecStart=/usr/local/sbin/kwafe-log
TimeoutStartSec=30min

[Install]
WantedBy=logrotate.service
```

Bayan an ajiye shi sai systemctl daemon-reload, sannan systemctl enable kwafe-log.service. Enable ɗin yana ƙirƙirar mahaɗi a /etc/systemd/system/logrotate.service.wants/, ka leƙa da ls ka tabbatar yana nan. Daga nan duk lokacin da aka tayar da logrotate.service, ko agogo ne ko hannu, ana sa namu a layi tare da shi. WantedBy shi ke kiransa, After shi ke tsayar da shi. Ka cire After su tashi tare, an koma matsalar cron. Abin da ya sa After ke aiki a nan shi ne logrotate oneshot ne, systemd ba ya ɗaukar ya "tashi" sai umarninsa ya fita. Da Type=simple ne, da jiran na ɗan ƙiftawar ido ne.

Kada a sa RemainAfterExit=yes. Ana yawan ganinsa tare da oneshot, mutum ya kwafo shi bai lura ba. Da shi sabis ɗin zai yi aiki dare ɗaya, ya zauna yana nuna active, gobe systemd ya ga ai yana tashe, ya wuce shi. Ba zai sake aiki ba sai an tsayar da shi da hannu, ko an kashe kwamfutar an kunna.

Sauran layukan kowanne akwai abin da ya jawo shi. Network-online saboda safiyar da aka dawo da wuta, logrotate ya rama aikin dare tun kwamfutar ba ta samu hanyar fita ba. TimeoutStartSec saboda kada rsync ya maƙale ya kwana. RequiresMountsFor kuma ba ya amfani sai diskin na cikin /etc/fstab, inda muka sa shi da UUID da nofail don kada rashinsa ya hana kwamfutar tashi. Duk da haka layin farko a cikin kwafe-log shi ne mountpoint -q /mnt/ajiya || exit 1. Idan wani ya zare diskin ya sa cajar waya a ramin, /mnt/ajiya ta koma jaka ta yau da kullum a kan diskin ciki, rsync zai zuba komai a ciki ba tare da ya yi ƙorafi ba, a wayi gari babu kwafi, ga diskin ciki ya cika.

Wani abu da ya rage mana kuɗin data sosai shi ne dateext. Ba tare da shi ba, abin da yake access.log.2.gz yau gobe ya zama access.log.3.gz, har zuwa 14 ɗin da Debian ke ajiye wa nginx. Rsync sai ya ga kowane suna abin cikinsa ya sauya, ya sake tura su duka kowane dare. Da dateext sunan na ɗauke da kwanan wata kuma ba ya sauyawa, fayil guda kawai ke tafiya. Muka haɗa da dateyesterday don kwanan da ke kan sunan ya zama na ranar da aka rubuta abin cikin, ba na daren juyi ba. A tuna kuma cewa nginx na Debian na da delaycompress, fayil ɗin jiya ba a matse shi sai juyin gobe, don haka idan rsync .gz kawai yake ɗauka, kullum Yamai na baya da kwana guda.

Da aka ɗaga kwamfutar zuwa Debian 12, wadda ta fito a 2023 da systemd 252, sai wata ƙofa ta buɗe. OnSuccess=, layin da ke tayar da wani sabis idan na farko ya gama lafiya, ya shigo ne a systemd 249, a 2021. Debian 11 na da 247, Ubuntu 20.04 na da 245, duk ba su san shi ba, za su rubuta gargaɗi guda a journal, log ɗin systemd, su yi watsi da layin. Ubuntu 22.04 na da 249, yana aiki. Systemctl --version zai gaya maka inda kake. Ana sa shi ne a kan logrotate, ba a kan sabis ɗinka ba. Ka buga systemctl edit logrotate.service, wanda zai ajiye rubutunka a /etc/systemd/system/logrotate.service.d/override.conf, ka rubuta:

```
[Unit]
OnSuccess=kwafe-log.service
```

A ƙarƙashin [Unit] yake zama. Wanda ya sa shi a [Service] zai yi ta jiran gawon shanu. Kada kuma a taɓa asalin fayil ɗin da ke /lib/systemd/system, sabunta kunshi na gaba zai share gyaran.

Mun koma kansa muka yi disable na WantedBy, domin a ido ya fi tsabta. Ya yi aiki makonni, sai kwafi ya tsaya cak. Wani ya sauya izinin /var/log/lissafi ya bar rukunin www-data na iya rubutu a ciki. Logrotate ba ya yarda ya juya fayil a matsayin root a jakar da wani rukuni ko kowa ke iya rubutawa, sai an gaya masa da sunan wa zai yi. Ya tsallake log ɗin lissafi, ya juya sauran lafiya lau, ya fita da lamba 1. Ga systemd lamba 1 faɗuwa ce, OnSuccess bai tashi ba. Log ɗin nginx an juya su, an matse, suna zaune babu mai ɗauka. Gyaran layi ɗaya ne a /etc/logrotate.d/lissafi, su www-data www-data. Irin wannan lamba 1 ɗin na fitowa kuma idan fayil ya ɓace babu missingok, ko aka ambaci log guda a fayiloli biyu.

Daga nan muka tsayar da ra'ayi, kuma har yanzu a kansa muke. Kwafi aiki ne da ya kamata a yi ko logrotate ya yi tuntuɓe, saboda laifin rukuni ɗaya bai kamata ya hana a ceci sauran ba. Don haka kwafe-log ya koma WantedBy da After, waɗanda ba su damu da yadda logrotate ya ƙare ba. OnSuccess muka bar wa aikin da ke share tsofaffin fayiloli da haɗa rahoton rana, wanda gara ya tsaya da ya yi aiki a kan rabin juyi. Muka kuma ƙara OnFailure= a kan logrotate da kwafe-log duka, yana kiran wani ƙaramin sabis da ke aiko mana da saƙo. OnFailure tsoho ne, yana aiki har a Debian 11. Mai systemd da bai kai 249 ba kuma yana son aikinsa ya tsaya idan logrotate ya faɗi, ya ƙara Requires=logrotate.service kusa da After, amma ya sani duk lokacin da ya tayar da sabis ɗinsa da hannu, logrotate ma zai tashi.

Ana kuma iya sa ExecStartPost= a override.conf, ba ya aiki sai logrotate ya fita lafiya. Mun guje shi saboda yana gudana a cikin shingen logrotate. ProtectSystem=full na mayar da /usr da /boot da /etc na karatu kawai, PrivateTmp na ba shi /tmp dabam, PrivateDevices na ɓoye masa diski. Rubutun da ya yi aiki sumul a hannunka sai ya ƙi a can. Alamar + a gaban umarnin na cire shingen, amma faɗuwarsa za ta zama faɗuwar logrotate, journal ɗinsu kuma ya cakuɗe.

Abin da ya fi ɓoye mana sai da bazara ya fito. Watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, wuta na yawan tafiya da dare. Wasu safiyoyin sai mu tarar kwafe-log ya yi aiki, ya fita lafiya, amma babu sabon fayil. Rahoto bai fito ba, saƙon faɗuwa ma bai zo ba. Kwamfutar ba ta mutu ba, batiri ya riƙe ta, uptime ya shaida. Systemctl cat logrotate.service muka sake karantawa a hankali, sai ga shi a layukan sama: ConditionACPower=true. An sa shi ne don kada logrotate ya cinye batirin matafiyi. Ga sabar da take tafi-da-gidanka kuwa, ma'anarsa duk daren da agogo ya buga babu wuta a soket, an tsallake juyi. Rashin cika sharaɗi ba faɗuwa ba ce a wurin systemd, ba nasara ba ce kuma, don haka OnFailure da OnSuccess duk sun yi shiru. Namu mai WantedBy an riga an sa shi a layi, ya tashi ya tarar babu sabo. Agogon ya rubuta cewa ya buga, Persistent ba zai rama ba idan wuta ta dawo ƙarfe uku, sai daren gobe. Kwamfutar tebur ba ta ganin wannan, domin idan systemd bai san wata hanyar caji a na'urar ba yana ɗaukar sharaɗin ya cika. Gyaran a override.conf ɗin nan ne, ƙarƙashin [Unit], layi mai cewa ConditionACPower= ba komai bayan alamar. Barinsa fanko na goge sharuɗɗan da aka gindaya a asalin fayil. Mun zare cajar da rana muka buga systemctl start logrotate.service, ya yi aiki a kan batiri.

Wajen gwaji ma akwai inda ake ruɗewa. Buga logrotate -f /etc/logrotate.conf da hannu zai juya log, amma ba zai tayar da sabis ɗinka ba, domin systemd bai san an yi ba. Gwajin gaskiya shi ne systemctl start logrotate.service. Ba zai sake juya abin da ya riga ya juya yau ba, saboda yana duba /var/lib/logrotate/status, amma zai tashi ya fita, wannan ya isa ka ga ko na bayansa ya biyo. Logrotate -d /etc/logrotate.conf na nuna abin da zai yi ba tare da ya taɓa komai ba, nan ake kama matsalar izini tun da rana. Idan kana da dateext kada ka tilasta juyi sau biyu a rana guda, zai tarar da sunan yau ya riga ya wanzu ya ƙi. Systemd-analyze verify a kan fayil ɗin sabis yana kama layin da aka sa a sashen da ba nasa ba.

Kowace safiya yanzu umarni guda muke bugawa: journalctl -u logrotate.service -u kwafe-log.service --since yesterday. Layuka huɗu muke nema a jere, logrotate ya fara, ya gama, kwafe-log ya fara, ya gama, kuma lokacin farawar na biyu bai riga lokacin gamawar na farko ba. Sai mu leƙa /mnt/ajiya mu ga fayil mai kwanan jiya, mu bi shi da gzip -t. Idan bai ce komai ba, fayil ɗin cikakke ne.